Awon Nauyin Ruwa a Sana'ar Dafa Giya da Abin da Ya Ƙunsa ga 'Yan Kasuwa

A ƙasashen Ingila da Amurka, inda doka ta yarje wa mutum ya dafa giyar da zai sha a cikin gidansa, akwai wani ɗan aiki da masu wannan sha'awa suke yawan gardama a kansa, wato ɗiban samfur daga cikin tukunya domin a auna nauyin ruwan. Aikin bai wuce na minti biyar ba, kayan aikin kuma wani siririn gilashi ne mai araha. Amma duk da haka, a kan wannan awo ne manyan masana'antun giya na duniya suka gina lissafin ribarsu da hasararsu, a kansa ne gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin giya har tsawon shekara 113, kuma da irinsa ne masana'antun da ke sayen dawa a Nijeriya suke sanin ko hatsin da suka saya ya biya kuɗinsa. Saboda haka, ko da ɗan kasuwa ba shi da wata hulɗa da giya, kamar yadda yake ga Musulmi waɗanda addini ya haramta musu ita, sanin yadda ake wannan awo zai amfane shi, domin kuwa hanya ɗaya ake bi wajen auna lemon kwalba da madara da man fetur.

Abin da ake aunawa

Lita ɗaya ta ruwa zalla tana da nauyin kilo ɗaya, kuma wannan shi ne mizanin da ake gwada sauran ruwaye da shi. Ana rubuta nauyin ruwa zalla da lamba 1.000. Idan aka narkar da sukari a cikinsa sai ya ƙara nauyi, har lita ɗaya ta kai, alal misali, kilo ɗaya da giram 50, sai a rubuta 1.050. Masu sana'ar sukan taƙaita su ce maki 50.

Mai dafa giya yana farawa ne da tsiron hatsi, galibi sha'ir a ƙasashen Turai. Yakan jiƙa niƙaƙƙen tsiron a ruwan zafi har sitacin da ke cikinsa ya juye ya zama sukari, sa'an nan ya tace, ya tafasa, ya bar shi ya huce. Wannan ruwan tsiro mai zaƙi ne, babu maye a cikinsa ko kaɗan. Sai an zuba masa yisti ne yake fara tashi, wato yistin ya riƙa cin sukarin yana mayar da shi barasa da iskar kabon. Iskar tana ficewa, barasar kuwa ba ta kai ruwa nauyi ba, domin lita ɗaya tata giram 789 ce kawai. Saboda haka kullum tukunyar ta ƙara kwana sai nauyin ruwanta ya ragu.

Wannan raguwa ita ce labarin da mai dafawa yake nema. Awon farko, kafin a zuba yisti, yana gaya masa yawan sukarin da ya samu daga hatsinsa. Awon ƙarshe yana gaya masa abin da yistin ya rage. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ƙarfin barasar. Ƙa'idar da masu dafawa a gida suka fi amfani da ita ita ce a ɗebe awon ƙarshe daga na farko, a ninka abin da ya rage da 131.25. Ruwan da ya fara da 1.050 ya tsaya a 1.010 ya sauka da 0.040 ke nan, wanda ya ba da barasa kashi 5.25 cikin ɗari. Yawancin yistin giya yakan sauke awon da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na makin farko, don haka tun ranar farko mai dafawa ya san kusan inda ya kamata ruwansa ya tsaya.

Ma'aunin da ake amfani da shi, wanda ake kira haidiromita, bututun gilashi ne a toshe, mai nauyi a gindi da siririn wuya mai lambobi. Idan aka sake shi cikin ruwa mai nauyi sai ya taso sama, idan ruwan marar nauyi ne sai ya nutse ƙasa, kamar dai yadda ƙwai yake tasowa a ruwan gishiri ya nutse a ruwan rijiya. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Tushenta ka'idar da Arkimidis na Girka ya bayyana tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, kuma malamin nan Al-Khazini, wanda ya zauna a birnin Marwa, ya yi bayanin irin wannan ma'auni da nauyin ruwaye daban-daban a littafinsa Mizanul Hikma wajen shekarar 1121.

Tsadar kowane samfur

Gardamar masu dafawa a gida ta taso ne daga wani abu da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato bincike ba kyauta ba ne. Tukunyar mai dafawa a gida ba ta da girma. A Ingila takan ɗauki lita 23, a Amurka lita 19. Kafin ma'aunin ya yi iyo sosai sai an zuba masa ruwa kamar mililita 100 zuwa 200 a cikin doguwar kwalbar awo. Wanda ya ɗebi mililita 150 kullum har kwana goma ya zubar da lita ɗaya da rabi ke nan, wato fiye da kashi 6 cikin ɗari na abin da ya dafa a tukunya mai lita 23. Babu masana'antar da za ta yarda da irin wannan hasara.

Sai mai karatu ya ce, to me zai hana a mayar da samfurin cikin tukunya bayan an gama awo? A nan ne tsada ta biyu take, kuma ta fi ta farko. Ruwan tsiro abinci ne ga kowace irin ƙwayar halitta, ba yistin da aka zaɓa kaɗai ba. Akwai bakteriyar da ke mayar da sukari tsami irin na nono, akwai wadda ke mayar da barasa ruwan khal idan ta sami iska, akwai kuma yistin daji da ke yawo a ƙura da jikin 'ya'yan itace. Duk lokacin da aka buɗe murfi, ko aka tsoma wani abu, an buɗe musu ƙofa. Samfurin da ya zauna a kwalbar awo, hannu ya taɓa shi, iska ta buge shi, idan ya koma tukunya yana iya lalata lita 23 saboda a ceci mililita 150. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Shi ya sa ƙwararru suke cewa abin da ya fita ya fita. A ɗanɗana shi a ji inda aka kwana, ko a zubar.

Tsada ta uku ita ce iska. A ranar farko yisti yana bukatar iskar shaƙa domin ya hayayyafa, amma da zarar barasa ta samu, iskar ta zama abokiyar gaba. Tana dusasar da ƙamshi, tana duhunta launi, tana kawo wani ɗanɗano mai kama da na jiƙaƙƙen kwali. A kwanakin farko iskar kabon da ke fita da ƙarfi tana kare saman ruwan, amma idan tashin ya lafa kariyar takan ragu, kuma a daidai lokacin ne aka fi bukatar awo.

Ta fuskar tattalin arziki, ke nan, tambayar ita ce yaushe labarin da samfur zai kawo ya fi abin da zai ci. Amsar da akasarin masu sana'ar suka tsaya a kai ita ce awo uku ko huɗu sun wadatar. Na farko kafin a zuba yisti, domin idan wannan ya wuce ba a sake samunsa, kuma ba tare da shi ba babu lissafin da zai yiwu. Na biyu bayan tashin ya lafa, kamar kwana bakwai zuwa goma. Na uku bayan kwana biyu ko uku da na biyu. Idan lambobin biyu na ƙarshe suka zo ɗaya, kuma suna kusa da inda aka zata, yisti ya gama aikinsa. Idan sun bambanta sai a ƙara haƙuri a sake. Awon da ake yi a rana ta biyu da ta uku, lokacin da kumfa ke tashi kowa yana gani, ba ya canza wata shawara, saboda haka hasara ce kawai.

Abin da rashin awo ke jawowa

Wasu sababbin shiga sukan guje wa ɗiban samfur gaba ɗaya, su dogara da ɗan bututun da ke kan murfi wanda iska ke fita ta cikinsa tana ɓulɓuli. Suna ɗauka idan ɓulɓulin ya tsaya an gama. Wannan shaida ce mai rauni. Murfin da bai rufu sosai ba yakan bar iska ta sulale ta gefe, sai bututun ya yi shiru alhali yisti yana kan aiki. Sanyin dare yana iya sa yisti ya kwanta kafin ya cinye sukarin. Haka kuma ruwan da ya riga ya gama yana iya ci gaba da sakin iskar da ta narke a cikinsa idan gari ya yi zafi.

Hatsarin yana bayyana ne bayan an ɗura a kwalba an toshe. Kowane maki ɗaya da yisti ya ci a cikin rufaffiyar kwalba yana haifar da iskar da ta kai kusan rabin girman ruwan. Giyar kwalba ta yau da kullum tana ɗauke da iska kamar ninki biyu da rabi na girmanta. To idan ruwan da ya kamata ya sauka zuwa 1.010 aka ɗura shi yana 1.016, makin nan shida za su ƙara ninki uku a kan abin da aka shirya. Kwalba ta gama-gari ba a yi ta don ta ɗauki wannan ba. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne rabin ruwan ya tsere da kumfa idan an buɗe. Mafi muni shi ne kwalabe su riƙa fashewa a ɗakin ajiya, gilashi yana tashi. Samfur biyu na mililita 150 su ne kuɗin inshorar wannan hatsari.

Yadda ake ɗiba da yadda ake karantawa

Hanyar ɗiba mafi aminci ita ce ta ɗan famfon da ke gindin tukunya, domin ba sai an buɗe murfi ba. Ana fesa wa bakin famfon maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ɗiba da bayanta, a kuma zubar da ɗan abin da ya fara fitowa, saboda yakan zo da laka ta yisti da dusa wadda ke ɓata awo. Wanda tukunyarsa ba ta da famfo yakan yi amfani da dogon bututu wanda ake tsomawa a toshe samansa da yatsa a ɗago, bayan an wanke shi an tsarkake shi. Awon farko yana da nasa tarko: idan an ƙara ruwa a kan ruwan tsiro mai kauri, mai nauyin yakan kwanta a ƙasa, don haka sai an gauraya sosai, in ba haka ba samfurin sama ya nuna ƙasa da gaskiya, na gindi ya nuna fiye da ita.

Wajen karantawa akwai abubuwa huɗu da ke ɓatar da mutum. Na farko kumfa: ƙananan ƙwayoyin iska sukan manne a jikin gilashin su ɗaga shi sama, sai a murza shi da yatsu su saki, ko a juya samfurin tsakanin kofi biyu har iskar ta fita. Na biyu, gilashin ya tsaya a tsakiya, kada ya jingina da bangon kwalbar. Na uku, ruwa yakan ɗan hau jikin wuyan gilashin, don haka ana sa ido daidai da saman ruwan a karanta a shimfiɗaɗɗen wurin, sai fa idan maƙerin ma'aunin ya ce a karanta daga sama. Na huɗu, kuma mafi muhimmanci a ƙasashe masu zafi, shi ne ɗumin samfurin. Ana saita ma'aunan zamani a kan digiri 20 na ma'aunin santigired, tsofaffin kuwa a kan digiri 15.6. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi sauƙin nauyi, saboda haka samfurin da ke digiri 30 zai nuna ƙasa da gaskiya da maki 2 zuwa 3, wanda ke digiri 40 kuwa da kusan maki 6. Akwai jadawalin gyara da ke zuwa tare da ma'aunin. Shi kansa ma'aunin ana jarraba shi a ruwa zalla lokaci-lokaci, domin takardar lambobin da ke cikin wuyansa takan zame.

Akwai wani ma'auni na daban mai aiki da karkatar haske, wanda ɗigo biyu ko uku suka ishe shi. Yana da kyau ƙwarai kafin a zuba yisti, amma da zarar barasa ta shiga ruwan sai ta rikita shi, sai an yi masa lissafin gyara. A shekarun baya-bayan nan kuma an fito da ƙananan na'urori da ake jefawa cikin tukunya su yi ta iyo suna aika lambobi zuwa wayar hannu. Sun kawar da hasarar samfur, amma kumfa da yisti sukan manne musu su karkatar da awon, don haka masu hankali suna amfani da su wajen ganin ko lamba tana sauka ko ta tsaya, su tabbatar da awon ƙarshe da gilashi.

Yadda awon ya sauya kasuwa a Ingila

Kafin ƙarni na 18 masu dafa giya na Ingila da harshe da ido suke aiki. James Baverstock, wani mai masana'anta a garin Alton, yana cikin na farko da suka fara gwada ma'aunin wajen shekarar 1770, sa'an nan John Richardson na birnin Hull ya wallafa littafi a 1784 wanda ya yaɗa amfani da shi. Abin da ma'aunin ya tona ya girgiza kasuwar hatsi. Manyan masana'antun Landan sun saba sayen tsiro mai launin ƙasa-ƙasa, wanda aka busar da wuta mai ƙarfi, saboda ya fi araha a buhu. Da aka auna sai aka ga farin tsiro, duk da tsadarsa, yana ba da sukari fiye da shi nesa ba kusa ba, har idan aka raba kuɗin da yawan sukarin da aka samu, mai tsadar ne mai araha. Sai suka koma farin tsiro, suka riƙa neman abin da zai ba giyar baƙin launin da masu saye suka saba da shi, har Daniel Wheeler ya yi rajistar hanyar gasa tsiro ya yi baƙi ƙirin a 1817. Ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya rina tukunya guda.

Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba. A 1880 Firayim Minista William Gladstone ya soke harajin tsiro ya maye gurbinsa da harajin giya wanda ya dogara a kan awon farko. An sa sule 6 da kwabo 3 a kan kowace ganga mai galan 36 idan nauyin ruwanta 1.057 ne, harajin yana hawa ko sauka gwargwadon awon. Daga nan jami'in haraji ya zama ɗan gida a kowace masana'anta, yana ɗiban samfur da hannunsa kafin ruwan ya tashi, ana kuma yafe kashi 6 cikin ɗari saboda abin da zai zube a hanya. Tun da haraji yana bin maki, duk lokacin da aka ƙara shi sai masana'antu su rage makin. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnati ta yi amfani da wannan awo wajen tattalin hatsi, inda a 1918 ta hana matsakaicin nauyin giyar Birtaniya ya wuce 1.030, alhali kafin yaƙin ya haura 1.050. Giyar ƙasar ba ta sake komawa ƙarfinta na da ba. Sai a 1993 aka bar wannan tsari aka koma ɗora haraji a kan barasar da ke cikin giyar da aka gama.

A nahiyar Turai wani ma'auni aka bi. Karl Balling na birnin Prag ya tsara jadawali a 1843 wanda ke nuna giram nawa na sukari ke cikin giram 100 na ruwan, daga baya Adolf Brix da Fritz Plato suka gyara shi. Digiri ɗaya na Plato ya yi daidai da kusan maki 4, wato 1.048 digiri 12 ne. Dokar Tarayyar Turai ta 1992 ta bai wa ƙasashe zaɓi su karɓi harajin giya ko dai bisa digirin Plato ko bisa ƙarfin barasa. Jamus ta zaɓi na farko, tana karɓar yuro 0.787 a kan kowane digiri a kowace lita 100, wato kimanin yuro 9.44 ga giya mai digiri 12. A Jamhuriyar Cek kuwa masu saye da lambar digirin suke kiran giyar, su ce mai goma ko mai goma sha biyu.

Dafa giya a gida ya dawo da ƙarfi ne bayan an sassauta doka. A Birtaniya Ministan Kuɗi Reginald Maudling ya soke lasisin da ake bukata a 1963. A Amurka Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi a 1978, ta fara aiki a watan Fabrairu na 1979, inda aka yarje wa baligi galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye kuma galan 200, muddin ba na sayarwa ba ne. Jihohin Misisipi da Alabama su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013. Masana'antun giya na Amurka ba su kai 100 ba a ƙarshen shekarun 1970, amma sun haura 9,000 a 2021, kuma da yawa daga masu ƙananan masana'antun a ɗakin girkinsu suka koyi sana'ar. Abin da ya ba su damar tsallakawa daga tukunya zuwa kasuwa shi ne littafin awo, domin mai ba da bashi da mai saye duka suna son abin da zai fito iri ɗaya kowane lokaci.

Inda abin ya shafi kasuwar Nijeriya

A watan Janairu na 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, sai masana'antun giya da na lemon malt suka juya ga dawa da masara. Ko da yake an ɗage hanin daga baya, dawa ta riga ta sami gindin zama, kuma yawancinta daga gonakin Arewa take fitowa. Irin dawar nan SK 5912, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, tana cikin waɗanda masana'antu suka karɓa. Dawa ta fi sha'ir wuyar sarrafawa, domin sitacinta sai da zafi mai yawa yake narkewa, tsironta kuma ba shi da isasshen sinadarin da ke mayar da sitaci sukari, don haka akan ƙara masa na saye. Da awon nauyin ruwa ne aka riƙa gane wace hanya da wane iri suka fi ba da amfani.

Lissafin yana da sauƙi. Maki ɗaya yana daidai da kusan giram 2.6 na narkakken sukari a kowace lita. A dahuwa mai lita 100,000, maki ɗaya kilo 260 ne. Idan aka ɗauka hatsin yana ba da kashi 75 cikin ɗari na nauyinsa, cike wannan giɓi zai ci kusan kilo 350, wato buhu uku da rabi masu kilo 100. Wannan ne dalilin da ya sa masana'anta take tsananta wa dillali a kan danshi da tsakuwa da ƙwari da gaurayen iri. Abin da take saye a zahiri shi ne sukarin da zai fita daga buhun, kuma dillalin da ya kawo busasshiyar dawa mai tsabta iri ɗaya yana da hujjar neman farashi mafi kyau. Lemon malt irin su Maltina, wanda aka fara sayarwa a 1976, ruwan tsiro ne da ba a bari ya tashi ba, kuma da wannan awo ake daidaita zaƙinsa.

A ɗaya gefen kuma akwai burukutu da fito, waɗanda mata ke dafawa da dawa a yankin tsakiyar Nijeriya da arewacin Gana. Ana shan su ne suna cikin tashi, ba a auna su sai da harshe, kuma cikin 'yan kwanaki suke tsami su lalace. Saboda haka kasuwarsu ba ta wuce inda za a kai tulu a sayar a yini ɗaya ko biyu.

Masu sana'ar zoɓo da kunun zaƙi da ruwan 'ya'yan itace suna fuskantar wannan matsala ta wata fuska. Duk ruwa mai zaƙi da aka ajiye a wuri mai ɗumi yana iya fara tashi da kansa, robar ta kumbura, ɗanɗano ya juya, har a sami ɗan abin maye a cikin abin da aka sayar a matsayin halal. Mai sana'ar da ta auna zoɓonta ranar da ta haɗa, ta ajiye roba ɗaya ta sake aunawa bayan kwana ɗaya da kwana biyu, za ta san ranar da lamba ta fara sauka, kuma wannan ita ce iyakar kwanakin da ya kamata kayanta su yi a kanti. Awon farko kuma zai hana ta zuba sukari da ka, yau ya yi yawa gobe ya gaza, a lokacin da sukari yake cikin abubuwan da suka fi cin jarinta. Wanda ke neman rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, zai ga amfanin irin wannan rubutaccen tarihi na kayansa.

Haka abin yake a sauran sana'o'i. Madarar shanu tsantsa tana auna kimanin 1.028 zuwa 1.033, kuma idan an tsarma ta da ruwa lambar takan sauka, shi ya sa cibiyoyin tara madara suke ajiye irin wannan ma'auni. Man fetur yana tsakanin 0.720 da 0.780, kananzir kuwa kusan 0.800, don haka mai gidan mai yakan ɗebi samfur daga tankar da ta iso ya gwada da lambar da ke takardar daffo kafin ya yarda a sauke. Mai cajin batir ya san ruwan batirin da ya cika yana kusa da 1.270. A duk waɗannan wurare sharuɗɗan ba su canzawa: a ɗebi samfurin da ke wakiltar dukan kayan, a ɗebe shi da abu mai tsabta, a lura da ɗuminsa, a rubuta lambar da kwanan wata tun kafin a biya kuɗi.